Ɗakin Kwamfutar da Aka Sa wa Sunan Yaya Hajara

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta, kuma wallahi har yanzu idan na bi hanyar Kiyawa na hango makarantar 'yan matan da ta koyar, sai raina ya ɓaci.

Tana can aka kawo musu kwamfutoci. Shugabar makarantar ta sa tela ya ɗinka wa kowacce riga, aka lulluɓe su, ba a yayewa sai manyan baƙi za su zo. Yaya ta yi faɗa har muryarta ta dishe. "Hajiya, don Allah kayan jere ne?" Amsar kullum ɗaya ce, wai yara za su lalata. Haka ta koma tana zana madannan kwamfuta a kwali, 'yan mata suna danna takarda.

Bayan rasuwarta sai aka rubuta sunanta a ƙofar ɗakin kwamfutocin, har da walima. Tir! 'Yarta Nana, wadda nake riƙo a Yalwawa, a wannan makarantar ta gama sakandare. Na tambaye ta ko suna shiga, ta ce, "Sosai ma, Kawu. Duk Asabar mu ke goge su." Yayyenta maza kuwa tuni ubansu ya saya musu waya, suna yini a shagon kwamfuta. Ita ko da na yi maganar, cewa ya yi waya ɓata 'ya mace take. Da Yaya tana raye, da unguwa ta ji su ranar.

Bana Nana ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu sai da kwamfuta ake yi. Yarinyar da ba a taɓa kayar da ita a aji ba, likita take son zama. Bisa kuskure ta danna wurin miƙa amsa tun ba ta kai rabi ba, allon ya rufe. Ta dawo gida ko kuka ba ta yi, ta ce, "Kawu, na san sauran duka."

Na yarda ta sani, kan uwarta ta ɗauko kaf. Abin da Yaya ta bari ke nan, kuma ga yadda muka yi da shi. Allah Ya jiƙanki, Yaya. Gaskiyar magana, ni kunyar zuwa kabarinki nake ji bana.