Mutumin da Ke Koya wa Na'ura Kuka

A layinmu kowa Ungozoma yake ce masa, alhali namiji ne, dogo, mai ɗan gemu, wanda ko jinin kaza ya gani sai ya kau da kai. Shagonsa na manne da nawa. Ni gyaran waya nake yi, shi kuma manhaja yake rubutawa, irin wadda ake zubawa cikin ƙananan na'urori don ta riƙa gaya musu abin da za su yi. Babban aikinsu, shi da abokin aikinsa Gajere, shi ne kwalbar ɗumama jarirai bakwaini ta wani ɗan asibiti da ke ƙarshen titi. Kwalaben sun tsufa, abin da ke kula da zafinsu ya mutu, sai su biyun suka ƙera wani ɗan akwati da ake maƙalawa a gefe, yana kunna ɗumi yana kashewa.

Sunan ya samo asali ne daga wata ɗabi'arsa. Duk manhajar da ya gama, ba ya fara duba ko tana aiki. Sai ya shaƙe ta da gangan tun tana tashi, ya kasa kunne. In 'yar ƙararrawar akwatin ta tsala ihu, sai ka ga ya yi murmushi. In ta yi shiru, ranar ko ruwa ba zai sha ba.

"Kowa na addu'a kayansa su tashi lafiya, kai kana addu'a su yi kuka," in ji Gajere. "Ungozoma, sai dai mu saya maka reza da zare."

Wata rana na tambaye shi dalili, ya ajiye kofin shayinsa ya jawo kujera.

"Ƙanena, manhajar akwatin nan ƙunshi guda ce. Komai nata yana cikinta, ba ta aron ko allura a waje. Kamar matafiyi ne da ya ɗaure kayansa kaf a jaka ɗaya. In aka kunna wuta, abu na farko sai ta nemi wuri a ƙwaƙwalwar akwatin, ta kwance jakar ta shimfiɗa kaya. To matsalar, bakin da za ta yi magana da shi ma yana cikin jakar. In ta faɗi kafin ta kwance, da me za ta ce wayyo?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ta cewa komai. Allon ya yi baƙi, shi ke nan. Mai wucewa ya ɗauka barci take yi."

Shi ya sa yake rubuta wasu 'yan layuka a can gaba, kafin komai, waɗanda ba sa jiran a kwance jaka. Aikinsu biyu ne kawai: su kaɗa ƙararrawa, su tura magana ɗaya ta cikin waya ga duk wanda ya jona kwamfuta.

Ainihin dalilin kuwa sai da muka daɗe tare ya faɗa mini, ranar da ruwan sama ya tsare mu a shago. Haihuwar matarsa ta fari, yana tsaye a baranda bayan ƙofar ɗakin haihuwa, yana jiran kuka. Ya ji takun takalma, ya ji ƙarar kwano, ya ji an ce a miƙo wani abu. Kukan ne bai zo ba. An haifi 'yar babu rai.

"Da ta yi kuka ko sau ɗaya, da na san ta zo," ya ce. "Shirun nan, ƙanena, har yau yana cikin kunnena."

Na ƙara masa shayi.

Da matarsa ta sake samun ciki, Ungozoma ya koma wani mutum dabam. Wayarsa ta yi ƙara, sai ya zabura har ya ture kujera. Cikin kuma bai kai lokacinsa ba ta haihu, 'ya mace, bakwaini, 'yar mitsitsiya. Aka saka ta a kwalba a asibitin nan na ƙarshen titi, akwatin da ubanta ya ƙera da hannunsa yana maƙale a gefenta. Gajere ya ce masa ai ya kamata hankalinsa ya kwanta, tunda aikin nasa ne. Ya ce abin da ke ba shi tsoro ke nan.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka aka ɗauke wuta a layin gaba ɗaya. Ba mu damu ba, an saba. Muna zaune a bakin shago muna fifita sai wayarsa ta yi ƙara. Ina kusa da shi, na ji muryar Sista, babbar nas ɗin asibitin.

"Ungozoma, kana ina? Akwatinka yana ihu, allon ya mutu, kwalbar tana hucewa. Taho yanzu."

Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Ya shiga shago ya fito da kwamfuta babu wayar jona ta, ya koma ya ɗauko wayar ya manta takalmi. Na tayar da babur na ce, "Yaya, hau." A hanya hannunsa na kan kafaɗata, bakinsa na ta maimaita, "Sabuwar ce. Wallahi sabuwar ce."

A guntu-guntu ya faɗa mini. Kafin haihuwar ya yi wa manhajar ƙari, ya zuba ta a akwatunan asibitin. Amma sabuwa ba ta karɓar aiki sai an kashe akwati an sake kunnawa, akwatin kuwa bai taɓa mutuwa ba sai yau. Ya gwada ta, ya shaƙe ta kamar kullum, sai dai a kan akwatin shago ya yi, wanda ƙwaƙwalwarsa ta fi girma. Na asibiti tsohon ƙira ne. Jakar ta ƙara nauyi, ɗakin kuma ƙarami.

Tun daga bakin ƙofar asibitin muka jiyo ihun, siriri, mai shiga kai, ba ya tsayawa. Janareta na ta ruri, fankoki na juyawa, fitilu a kunne. Komai ya dawo sai abu ɗaya.

Ya tsaya cak a bakin ɗakin jarirai. Kwalbar babu kowa a ciki, murfinta a buɗe. Na riƙe shi.

"Ga ta nan, Maigida."

Matarsa ce, zaune a kujera bayan ƙofa, an lulluɓe ta da zannuwa har wuya. Sista ta cusa mata jaririyar a ƙirji, fata da fata. Wani ɗan kai kawai ake gani cikin hular ulu.

"Tana numfashi?"

"Tana yi," in ji Sista. "Amma ta yi sanyi, ƙafafunta kamar an tsoma su a randa. Janareta ya yi gardama, batir ya ƙare. Da wuta ta dawo ina can wajen wata mai naƙuda, na ɗauka komai ya tashi. Ihun nan ne ya jawo ni. Kai, daina kallonta, je ka yi aikinka."

Ya durƙusa gaban akwatin. Sau nawa yana kai bakin wayar ramin jona ta yana kucce masa, har sai da na riƙe masa akwatin. Da ta shiga, layi ɗaya ya fito a allon kwamfutar. Da Hausa yake rubuta irin wannan saƙon, don kowa ya iya karantawa: "Ban sami wurin shimfiɗa kayana ba. Ban tashi ba."

Ya goge zufa da hannun riga. Ya cire sabuwar, ya mayar da tsohuwar, ya kashe ya kunna. Ihun ya ɗauke. Shirun da ya biyo baya ya fi ihun ban tsoro, don ba wanda ya san ko tashi take yi ko mutuwa. Sai allon ya yi haske, lambobin zafi suka fara hawa a hankali.

Ba wanda ya yi murna. Duk idanunmu na kan zannuwan nan. Sista na ta zura ma'aunin zafi tana cirewa, tana dubawa. Ungozoma na zaune a ƙasa, ƙafa ba takalmi, ya jingina da bango, ya karkata kai gefe kamar mai sauraron wani abu a bayan ƙofa. Na san barandar da ya koma.

Can sai zanin ya motsa. Wata 'yar murya ta fito, kamar ta ɗan kyanwa, ta tsaya, ta sake fitowa da ƙarfi.

"To, madalla," in ji Sista. "Ta fara masifa, halin uwarta."

Ungozoma ya rufe fuska da tafin hannunsa.

Da kwalbar ta yi ɗumi yadda ake so, Sista ta miƙa hannu za ta karɓi jaririyar. Matar ta ƙara ƙanƙame ta. Ita ce fa wadda ta sha yi masa tsiya a gabanmu, tana cewa ta auri mai shaƙe na'ura.

"Ba zan mayar da ita ba tukuna," ta ce. "Maigida, wadda ka zuba yanzu, ita ma tana kuka?"

"Tana yi."

"A kan wannan akwatin ka gwada, ko na shago?"

"Na shago," ya ce.

"To shaƙe ta na ji."

Ya matsa gaban kwamfutar, ya hana manhajar wurin shimfiɗa kaya da gangan, ya kashe ya kunna. Allon ya yi baƙi. Muka riƙe numfashi. Ƙararrawar ta tsala ihu har jaririyar ta firgita ta taya ta. Ya saki manhajar, ya kunna, allon ya dawo, ɗumi ya ci gaba.

Sai a lokacin matar ta kwance zanin, ta miƙa wa Sista 'yar. Ungozoma ya jawo kujera dab da kwalbar ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin. Ni kuma na koma shago na ɗauko masa takalmansa.