Kyaftin Noel, Wanda Ya Fasa Yajin Aiki

Noel Tregear dogo ne siriri, mai jan wuya irin na mutanen da rana ta gasa tun suna yara. A gidan kiwon shanu aka haife shi, can bayan garin Normanton a arewacin Ostireliya, inda jirgin saman kai saƙo ne kaɗai baƙon da ake gani idan damina ta rufe hanyoyi. Tun daga nan sha'awar tuƙin jirgi ta shiga ransa, kuma bai taɓa neman wata sana'a ba.

Ni Loretta, na same shi ne a wani kamfanin jiragen sama lokacin da na baro tsibirin Thursday Island na kama aikin kula da fasinjoji. Ƙaramin kamfani ne mai jirage masu farfela. Daga Cairns muke tashi mu je Weipa, Kowanyama, Bamaga da Horn Island, mu dawo. Kowa ya san kowa. Shayi da biskit kyauta muke rabawa, bargo kuwa ko ba ka tambaya ba za a lulluɓa maka.

Amininsa Bevan Prowse ne, matuƙi kamarsa, gajere mai tumbi da bakin surutu. Shi ne ya yi masa babban aboki ranar aurensa da Glenys. Kullum suka haɗu a ɗakin hutun ma'aikata sai an yi dariya.

"Kai zanƙalele, sunkuya kada ka fasa mana rufin jirgi," in ji Bevan.

"Kai dai zauna a tsakiya, tulu, kada jirgin ya karkace," Noel ya mayar masa, fuskarsa ko alamar murmushi babu.

Glenys malamar firamare ce. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne kawai a wani gidan katako da ke unguwar Edge Hill a Cairns, da bishiyar mangwaro a bayansa. Ciwon daji ya kama ta da rani, kafin damina ta kankama an binne ta. A wannan shekarar ce kuma wani babban kamfani daga kudu ya sayi namu ya haɗe su wuri guda.

Rigimar ta taso ne a kan girma. A aikin tuƙi, wanda ya riga shiga shi ke zaɓar jirgin da zai tuƙa da ranakun hutunsa, kuma shi ne na ƙarshe da za a sallama idan an rage ma'aikata. Sabon kamfanin ya ce matuƙanmu duk za su koma ƙarƙashin nasu, kamar jiya aka ɗauke su. Mutumin da ya yi furfura yana sauka a filayen jar ƙasa cikin ruwa da iska, sai ga shi a bayan wanda bai daɗe da samun lasisi ba. Ƙungiyar matuƙa ta kira yajin aiki. Bevan ne ya riƙe lasifika a bakin ƙofar filin jirgi, Noel yana tsaye kusa da shi da kwalin zanga-zanga a hannu.

Yajin ya yi tsawo, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wata safiya ina zaune a ofis tare da sauran masu kula da fasinjoji, don mu ba ma cikin yajin, sai muka ji ihu a waje. Muka leƙa ta taga. Noel ne cikin farar riga da hularsa ta aiki, ya ratsa ta tsakiyar abokansa ya nufi ƙofar shiga. Wani ya tofa masa yawu a takalmi. Bevan ya sauke lasifikar ya bi shi da gudu.

"Noel! Kai, Noel! Ka haukace ne? Juyo mu yi magana, ɗan uwa."

Bai juyo ba. A ranar ya tashi da jirgin Weipa, ni ce a bayansa da fasinjoji.

Daga baya yajin ya watse ba tare da an samu komai ba. Wasu aka mayar da su aiki a ƙasan jeri, wasu aka ce babu gurbi. Bevan na cikin waɗanda ba a mayar ba. Ya je Papua New Guinea ya yi tuƙin jiragen kaya na ɗan lokaci, da lafiya ta fara gaza shi ya dawo Weipa wajen 'yarsa.

Waɗanda suka dawo ba su taɓa zagin Noel ba. Magana kawai suka daina yi masa. Idan ya shigo ɗakin hutu sai hira ta mutu, mutane su ɗauki kofunansu su koma baranda. A ɗakin tuƙi mataimakinsa zai karanta masa abin da aiki ya wajabta, man jirgi kaza, iska kaza, daga nan sai shiru har a sauka. Sababbin matuƙan da ba su ma ga yajin ba, tun ranar farko ake nuna musu shi da baki, su ma su bi sahu. Idan muka yi jiran fasinjoji a Horn Island, kowa zai tafi shagon kifi da dankali a ci tare, shi kuwa ya zauna a inuwar fiffike da burodinsa a takarda.

Mutanen ƙauyuka suna cewa saboda su ya koma aiki, don a lokacin babu mai kai marasa lafiya asibiti. Matuƙa suna cewa kwaɗayin muƙami ne. Ni dai wata rana a Bamaga, ruwa ya hana mu tashi, na je na zauna kusa da shi a kan matakalar jirgi na tambaye shi.

"Kyaftin, don Allah me ya sa ka koma?"

Ya amsa yana kallon ruwan.

"Kina son in ce don marasa lafiya ne, ko? Da na so a ce haka ne. Gidan ne, Loretta. In na dawo daga wurin yajin da rana, in zauna, babu abin da nake ji sai ƙarar firij. Takalman Glenys suna nan a bakin ƙofa. Na ga in ban hau sama ba zan yi wa kaina illa."

"To me ya hana ka gaya wa Bevan haka?"

"In ce masa me? In ce na sayar da aikinsa saboda firij ya dame ni?"

Sabon kamfanin ya zo da nasa tsarin. Shayi ya koma na sayarwa, biskit ma haka, jaka ta biyu sai an biya, har bargo. Kuma da kati kawai ake biya. Mafi yawan fasinjojinmu tsofaffi ne masu zuwa asibitin Cairns, wasunsu ko katin ba su da shi. Akwai wata tsohuwa daga Kowanyama, Gwaggo Ivy, mai ciwon ƙoda, da ta saba in lulluɓe ta tun kafin mu tashi. Ranar da na ce mata bargo ya zama na kuɗi, ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, iskar da muke shaƙa fa? Ita ma a kawo kati?"

Na shiga na faɗa wa Noel, raina a ɓace. Sai ya miƙa hannu ya murɗa na'urar ɗumama jirgin. Tun daga ranar, duk jirgin da yake tuƙawa ɗumi gare shi kamar ɗakin gashin burodi. 'Yan kasuwa masu kwat suna ta fifita da jarida suna ƙorafi. Da manaja ya kira shi ofis, cewa ya yi, "Kun ce a sayar da bargo. Ban ga inda kuka ce a sayar da ɗumi ba." Labarin ya zaga, matuƙa suka yi ta dariya a baranda, amma ko ɗaya bai yi dariyar a gabansa ba.

Sau ɗaya ya sake haɗuwa da Bevan. Muna ɗaukar fasinjoji a Weipa sai ga shi a keken marasa lafiya, 'yarsa na tura shi, tumbin nan duk ya zube. Noel ya hango shi ta taga, ya sauko har ƙasa, ya cire hula.

"Bevan."

Bevan ya ɗaga kai ya dube shi, sannan ya juyo gare ni.

"Loretta, 'yar albarka, har yanzu kina nan? Wa ke tuƙa mu yau?"

"Kyaftin Tregear ne," na ce.

"To. Ya iya saukar da jirgi, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ku hau da ni."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Asibitin Cairns aka kai Bevan a ranar, kuma bai fito da rai ba. Ranar jana'izarsa cocin ya cika da matuƙa, Noel ya tsaya a tsallaken titi wajen wani shagon taya har aka fito da akwatin gawar, sannan ya shiga motarsa.

Da lokacin ritayarsa ya yi, motocin kashe gobara sun yi wa jirginsa feshin ruwa na ban kwana kamar yadda ake yi wa kowane kyaftin. A ɗakin hutu kuwa ni da masu ɗaukar kaya ne kaɗai muka yanka masa kek. Ya sayar da gidan Edge Hill ya koma Karumba, bakin teku, ya sayi ɗan gida mai taya irin wanda mota ke ja, da ƙaramin kwalekwale.

Bara na bi ta can da mota zan je bikin wata 'yar uwata, na tsaya na gaishe shi. Ya ƙara ramewa, kunnensa ɗaya ya daina ji. Ya gasa mini kifin baramandi da ya kamo da safe. Mutumin da na sani da shiru, ranar bakinsa bai huta ba. Ya ba ni labarin kadan da ke kwana kusa da inda yake ɗaure kwalekwale, da tsadar ƙanƙara, da maƙwabcinsa mutumin jihar Victoria da bai iya ɗaura ƙugiya ba. Har muryarsa ta dushe yana magana. Duk lokacin da na ɗauki jakata sai ya tuno wani abu.

"Tsaya mana, ƙanwata, ina saurin? Ga ragowar kifi, wa zai ci?"

Na ce masa hanya da nisa, kuma shanu na hawa titi idan rana ta yi sanyi. Ya naɗe mini kifin a takarda, ya rako ni har mota, ya duba tayoyina ɗaya bayan ɗaya, ya ce na baya na hagu yana son iska, in tsaya a gidan mai na Normanton. Na ce to. Na tsaya kuwa, aka ƙara mata.