Wai aikin Katsina ne

Ba wanda ya saya mini kyamara, ba wanda ya koya mini ordinatar, wato kwamfuta. Daga aji uku na kolej na bar boko, na koyi hoto da kaina har na buɗe shago a Madarunfa. Amma ku ji abin da na tarar a ƙauyen Gabi.

Kwanaki aka kira ni suna gidan wani dattijo, Malam Hamza. Ɗansa, uban jaririn, yana Legas ci-rani. Aka ba ni tsohon hotonsa, na zauna gaban ordinatar na tsayar da shi cikin hoton sunan, tsakanin mahaifinsa da ragon suna, har inuwarsa na gyara. Sai ka rantse ya zo.

Jiya na biya, na iske Malam yana nuna wa baƙi hoton a zaure, yana cewa, "Aikin Katsina ke nan."

Na ce, "Baba, wace Katsina? Ni fa na yi shi!"

Ya ce, "Na sani, ɗana. To in na ce kai ne, wa zai ga darajarsa? Kai da kullum ake ganinka bisa moto."

Sunana da ke ƙasan hoton ma an datse shi da almakashi don ya shiga gilashi. Wani baƙo mai shirin biki har yana tambayar wane shago ne a Katsina.

Jama'a, laifi ne mutum ya iya aiki a garinsu? Duk wanda ya ga hoton nan, ya rubuta ya ajiye: Isufu Mai Hoto, Madarunfa.