Gargaɗin Da Na Haɗiye A Gonar Cuku

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni nas ce a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Beltsville a nan Amurka, 'yar kudancin Kaduna, na ɗan haura arba'in, ina riƙe da yara biyu ni kaɗai. Ɗaga tsofaffi ya fara cin bayana, ina ta neman sana'ar da zan koma. Wata abokiyar aikina Ba'amurkiya ta taɓa kai ni wata ƙaramar gona inda ake yin cuku da hannu, na madarar shanu da na awaki, ƙanshin wurin ya tuna mini rugar da ke bayan garinmu. Daga nan na sayi ƙaramar bas, na fara kwasar mutane ranar Asabar ina zagawa da su gonaki uku ko huɗu, su ga tatsa, su shiga ɗakin sanyi da ake ajiye cukun har ya nuna, su ɗanɗana, su saya.

Wanda ya ga hotunanmu zai ce na huta. Ni ce direba, ni ce mai amsa waya, ni ce mai bayani, ni ce kuma mai wanke mota. Kwana biyar ina wurin aiki, Asabar da sassafe ina bakin tashar jirgin ƙasa ta Metro ina ƙirga kawuna. Shekara biyu ina haka, har murmushin ma ya koma mini aiki. Amma akwai abu ɗaya da ban taɓa tsallakewa ba: kafin a fara ɗanɗano nakan sanar cewa wasu daga cikin cukun da ɗanyar madara aka yi su, mai juna biyu kada ta taɓa. Aikina ya koya mini akwai ƙwayar cutar da lafiyayye zai ci ya wuce, amma takan kai ga ɗan da ke ciki.

Ran nan matan zumuntar cocinmu na Fort Washington suka ɗauki motar gaba ɗaya. A cikinsu akwai wata yarinya mai shekara shida da aure, wadda duk mun san ta yi ɓari sau biyu, tare da surukarta da ta zo ziyara daga Jos. Tun a hanya na gane. Rigarta ta yi mata yawa, tana tsotson lemun tsami, sau ɗaya ta roƙe ni in tsaya ta sha iska. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma kun san mu, ba a tambaya. Ni kuwa na yi aikin mutum biyu a jajibirin ranar, ga cunkoso ya cinye mana awa guda, mai gonar tana ta duba agogo.

Da aka fito da faranti na buɗe baki zan yi sanarwar, sai na hango yadda idanun mata goma sha ɗaya za su juya kanta. In ta ƙi ci, asirin da take ɓoyewa ya tonu a gaban surukarta. Na ce a raina bari in ja ta gefe. Tsakanina da ita bai fi taku biyar ba. Amma akwai benci a bayana, ƙafafuna suna zafi, sai na ce in ɗan zauna tukuna. Ina zaune na ga ta ɗauki wani mai laushi na ɗanyar madara ta ci, ta ƙara, ta juyo tana dariya ta ce mini wannan ya fi duka daɗi. Ta sayi guda za ta kai wa mijinta. Da hannuna na sa mata shi a kular ƙanƙara.

Bayan kamar makonni biyar zazzaɓi ya kwantar da ita, aka ciro yaron bai cika wata bakwai ba. Likitoci suka ce ƙwayar nan ce. Aka bincika gonar ba a sami komai ba, kuma aka ce ana iya ɗaukarta daga abinci iri-iri, don haka har yau babu wanda ya san daga inda ta fito. Yaron ya yi wata biyu a kwalba. Ya rayu, mun gode Allah, amma kunnensa ɗaya ba ya ji.

Sau uku ina zuwa asibiti da abinci ina komawa da maganar a cikina. A na huɗu na same ta ita kaɗai, na faɗa mata komai, har da bencin. Sannan ta ce, "Anti, ai na kalle ki kafin in ci. Da na ga ke nas ce kuma ba ki ce komai ba, sai na ci." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake ta da zancen ba. Surukarta ta ce nufin Allah ne, mijin ma bai taɓa zargina ba. Da sun zage ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Na ƙara wata huɗu ina sana'ar, ina maimaita gargaɗin har baƙi suna mamaki, sannan na sayar da motar. Ranar Lahadi nakan ga yaron yana karkata kai in ana yi masa magana, sai in kasa bin waƙar da ake yi.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kunya ce ta hana ni, cewa asirinta na rufa. Gaskiyar ita ce gajiya ce, kunyar kawai na fake da ita. 'Yan'uwana da ke haɗa aiki biyu da uku a ƙasar nan, in har lafiyar wasu tana hannunku, ranar da jiki ya ce ba zai iya ba, ku soke tafiyar. Kuma abin da kuka san zai iya cutar da mutum, ku faɗa masa tun kuna tsaye, ko da zai ji nauyi. Wanda ya amince da ku, shirunku ma izini yake ɗaukarsa.