Noti Ɗaya Ya Tafi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, muna tsakiyar haɗa gadajen asibiti, shugaban sashenmu ya kashe inji ya ce Allah Ya yi wa Injiniya rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun yi kuka. Amma kafin azahar muna zaune kan kwalaye, kowa na ba da labarinka, dariya na ƙwace mana.

Injiniya, lokacin da ka zo masana'antar nan, gado ɗaya sassa arba'in da bakwai gare shi, da noti kala shida. Rabin yininmu a laluben sifana yake ƙarewa. Ka bar ofis, ka jawo kujera kusa da teburina, sati guda kana kallon hannuwanmu. Sai ka dawo da sabon zane: kan gado daban, tsakiya daban, ƙafafu daban, duka noti iri ɗaya ke ɗaure su. Daga nan muka laƙaba maka Noti Ɗaya, kana amsawa ko a gaban manaja.

Kowane sabon samfuri sai ka kai gida, ka zube wa mai ɗakinka ta haɗa, ba takardar bayani. Ranar da ta ɗaura ƙafar gado a wajen kai, ta ce, "Malam, kar ka kalle ni, shi ya yarda ya shiga." Da bakinka ka ba mu labarin, kana dariya har da hawaye, ka kuma sake huda ramukan yadda ba abin da zai shiga sai a mazauninsa.

Alherin da ka yi mini ya fi na kowa. Da ciwon gaɓɓai ya kama yatsuna, aka fara maganar sallamata. Ka ce, "Yaya, ba hannunka ne ya gaza ba, zanena ne." Ka ƙirƙiro maƙalin da tafin hannu kawai ke danna shi ya kama. Shekara bakwai na ƙara a bakin aiki, har autata ta gama karatun jinya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sauƙaƙa maka hisabi. Ga mai ɗakinka da 'ya'yanka huɗu, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sani mahaifinku ya bar 'yan'uwa cike da sashe guda, kuma ƙofarmu a buɗe take gare ku.