Ranar da Kawu Ya Shayar da Baturanmu Kanwa

Ko na tsufa na fara mance sunayen jikokina, ba na jin abin da kawuna ya yi wa baturanmu zai fita daga raina. A shekarun da 'yan tayar da ƙayar baya suka karya turakun wuta ne, Maiduguri ta yi wata da watanni ba lantarki. Mahaifiyata na fama da ciwon suga, allurarta kuma sai a cikin sanyi. Wani ɗan ƙaramin firji ke riƙe mana ita, shi kuma firjin sola ce ke riƙe da shi, da wasu tsofaffin batura guda biyu.

Ni nake lallaɓa su. Na ajiye su a inuwa a kan katako, ina leƙa ruwansu, in ya ja baya in ƙara tatacce, ba na famfo ba. Ban yarda a jona musu ko fanka ba, don tsohon batir in aka zuƙe shi ƙarƙaf ba ya komawa daidai. Farin garin da ke taruwa a kawunansu kuwa, da ɗan ruwan kanwa nake goge shi daga waje.

Kawu, yayan mahaifiyata, dillali ne a Kasuwar Shanu. Mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi. Agogo, haƙori, shari'ar gado, duk yana da magani. Rannan ya tarar da ni ina wannan gugar, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ke ɗiyata, wasa kike yi," in ji shi. "Ciwo yana ciki, kina shafa magani a fata? Saniya in ta rame kanwa ake ba ta ta sha, ta wanke ciki."

Na ce, "Kawu, wannan ba saniya ba ce." Ya yi mini dariyar da manya ke yi wa yara.

Na tafi Kano saro atamfa, don ina da rumfa a Kasuwar Litinin. A dawowa aka rufe hanya, muka maƙale a Damaturu kwana da kwanaki. Ashe ina can ina lissafin gida, Kawu, babban likitan shanu, ya samu fili. Ya jiƙa kanwa a kwano, ya buɗe murafen baturan, ya ɗura musu. Kanwa ta haɗu da ruwan batir, kumfa ta yi ta ambaliya. Maƙwabciyarmu ta ce har kabbara ya yi, wai ga cutar nan tana fita.

Da na iso na buɗe firji, ɗumi ya bugi fuskata. Mama na kwance, leɓɓanta sun bushe, tana ta neman ruwa. Kwanakin nan duka allurar da zafi ya lalata take yi wa kanta. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce, "Yaya ya ce a ba baturan lokaci, za su farfaɗo. Ya zan yi in ƙaryata shi?" Raina ya ɓaci. A keke mai ƙafa uku muka kwashe ta zuwa asibiti.

Allah ya yi da sauran kwana, amma ta jima a kwance, idonta na hagu kuma bai sake gani sosai ba. Mai gyara ya leƙa baturan ya ce in sayar wa masu gwangwan.

Kawu ya zo dubiya da babbar riga, ko kunya babu. "Wushe, sannu, ya jiki? Ai baturan nan dama ba su da asali." Sai ya zaro wani ƙulli daga aljihu ya miƙo mini. "A jiƙa mata wannan, suga ba ya jure ta."

Kanwa ce. Na karɓa, na buɗe taga, na wurgar a gabansa. Har yau yana gaya wa dangi ba ni da tarbiyya, ni kuwa ko a jikina.

Abin da na koya shi ne, abin da ran wani ya rataya a kansa ba a barinsa a hannun mai ji da kansa, komai furfurarsa. Girmamawar da ta hana Mama cewa a'a, da idonta ta biya.