Tsohuwar da Ta Raba Kayanta

Tun da Inna, mahaifiyata, ta fara rabar da kwanukan ɗakinta a bana, wata tatsuniyar kakarmu Iya Tabawa ta hana ni sakat.

A Beli muka tashi. Da kaka in an ci tuwo, Iya takan tara mu a bakin murhu ta zube mana gyaɗa mu ɓare, ladanmu tatsuniya. Ni take zaunarwa kusa da ita, wai maigidanta, alhali don ta riƙa buge mini hannu ne in na kai ƙwaya baki.

"Ga ta nan tafe, mai barci ya yi asara," in ji ta.

Wai wata tsohuwa ce ta wayi gari ta ji a jikinta tafiya ta zo. Ta ba wannan akuya, ta ba wancan tukunya, ta bi gida-gida tana neman gafara, sannan ta kwanta ta fuskanci gabas. Shiru, shiru. Da yunwa ta ishe ta sai ta tashi ta tafi aron tukunyarta, aka ce ta yi haƙuri, an ɗora miya. Haka ta yi ta zaman aro har damina ta zo ta wuce. Ranar da Mutuwa ta iso, tsohuwa ta hau ta da faɗa: "Ke kuma ina kika tsaya?" Mutuwa ta ce ai ta leƙo tun tuni, ta ga ta shirya, sai ta fara da waɗanda ba su shirya ba.

Muka yi ta dariya. Ni kuwa na ce, "To Iya, ta sani ko ba ta sani ba?"

"Tsofaffi suna ji a jikinsu, maigida."

Da aka kwana biyu na sake tambaya, ta harare ni. "Kai, wa ya san gaibu in ba Allah ba? Ɓare gyaɗarka."

Ita kanta ba ta warware mini ba. Ranar da ta rasu, ta jiƙa gero, ta sa an yi mata kitso za ta bikin suna a garin Kurugu. Amma daga baya maƙwabta suka ce a makon ta bi su ɗaya-ɗaya ta nemi yafiya, suka ɗauka raha ce irin tata. Har na yi furfura ban san wanne zan kama ba.

Shi ya sa da ƙanwata ta bugo ta ce Inna ta ba da har tabarmar sallarta ta ajiya, na rufe shagon ɗinkina a Ƙaraye na tafi. Na tarar da ita garau, tana yi wa jikoki faɗa. Na ji kunya, na ji haushi kuma.

"Inna, wani abu kike ji ne?"

"Me zan ji? Kaya ne sun yi mini yawa."

Washegari na yi sallama. Sai ta yafa mayafi ta rako ni har bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba. Inna da ko sunana ba ta faɗa, ni ɗan fari, ta kama hannuna ta ce, "Sani, ka yafe mini."

Mota ta tsaya, direba ya ce saura mutum ɗaya. Na ce masa ya je.